Yaushe rabonka da ka zauna ka yi wasa da 'ya'yanka?

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a garuruwanmu na nan gefen Ringim, kuma na san har ƙauyukan Kano haka abin yake. Magidanci zai wuni a gona ko kasuwa, ya dawo bayan magariba, yara na jin sallamarsa sai kowa ya nutsu, wasa ya tsaya cak, dariya ta ɗauke. Ya ci tuwo ya ɗauki wayarsa ko ya fice majalisa, sai dare ya raba zai dawo. Wai mu a wurinmu wannan shi ne kwarjini. Ni dai wallahi abin da nake gani uba ne da 'ya'yansa suna kwana gida ɗaya amma ba su san juna ba.

Kuma fa ba haka muka taras ba. Bahaushe tun asali ya ware wa babba wurin wasa. Kaka ta hango jikanta ta ce "ga mai gidana nan, ina cefanena?", shi kuma ya ce "tsohuwa ai ni na yi sabuwar amarya", a yi ta dariya ba wanda zai ce an raina shi. Taubasai haka suke, Bafulatani da Babarbare haka, Bakano da Bazazzagi haka, mu nan Jigawa kuwa Bahaɗeje in ya haɗu da Bakatsine sai sun gaji da tsokanar juna. Dattawa kuma suna da dara. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ta, a haƙa gurbi 30 a ƙasa a gindin darbejiya, wannan ya tsinci tsakuwa 12 wancan ya karya kara 12, wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokinsa guda. Za ka ga dattijo da furfura yana buga cinya don ya ci wasa, ana kiran la'asar su karkaɗe riga su wuce masallaci, girmansu yana nan bai ragu da komai ba.

Masu jingina abin ga addini kuma ku je ku tambayi malamanku. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake shi ya wuce ta, hadisin yana cikin Abu Dawud. Jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har sai da yaron ya sauka don kansa. To ni da kai su wa?

Na san za a ce wa ke da zuciyar wasa a wannan tsadar. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na taki da na magani sun sa mutum ko ya kwanta lissafi yake yi. Amma iyayenmu ai sun ga farin 1973 da na 1984, sun san yunwa fiye da mu, kuma a bakinsu muka ji labarin Gizo da Ƙoƙi. Ni a ganina waya ce ta fi cinye mana dare. Da in an ci tuwo babu abin kallo sai farin wata da dandali, yanzu kuwa ga mai cajin sola a bakin kasuwa kowa ya ciko batir, baba yana TikTok, mama tana fim, samari sun tafi gidan kallon ƙwallo, ƙanana kuma suna leƙe ta kafaɗa ana korarsu.

A gidana carafke ce ta fara gyara mana zama. Wani dare 'yan matana suna yi a tsakar gida, ƙaramar sai zubar da duwatsun take, Inna mahaifiyata tana kan tabarma da carbinta, can sai ta ce "ke miƙo nan ki gani". Ta ajiye carbi, ta watsa duwatsun a ƙasa, ta cilla ɗaya sama ta kwashi biyu ta cafe na saman kafin ya sauko, hannun nan da ke rawa in za ta ɗauki kofi ko gezau bai yi ba. Yara suka ɗau ihu, "Inna ashe kin iya!", uwargida ta bar wanke-wanke ta zo ta zauna ita ma wai sai ta gwada. Inna tana dariya har tana share hawaye da gefen mayafi, rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar tun kafin rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa.

Ni kuma sai na koya wa mazan langa, da yaran maƙwabta. Ka kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu kana tsalle da ɗayar, 'yan ɓangarenku suna kare ɗaya daga cikinku da ake kira ruwa har ya kai wurin sha, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Da yawansu ba su taɓa gani ba, alhali har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin ta tare da dambe da kokawa.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, yaron da ya saba dariya da kai shi ke iya gaya maka damuwarsa. Muna zaune da autana muna haɗa motar kara, ina feƙe masa tayoyi, kawai ya ce "Baba, akwai wani babban yaro da ke karɓe mini kuɗin tara a hanyar makaranta". Ashe ya daɗe yana ɓoyewa. Da tambayarsa na yi a tsaye da fuskar nan tamu ta iyaye na tabbata lafiya lau zai ce mini.

Yanzu da kaka ta yi, an cire amfanin gona ga kara ko'ina, mun yi magana da maƙwabta za mu share tsohon dandalin bayan firamare. Iyaye mata sun yarda 'yan mata su riƙa gaɗa daren Alhamis tunda babu karatun allo, amma da sharaɗin manya za su zauna a wurin kuma a tashi da wuri. Wani dattijo ya ce shi zai haƙa gurbin dara, saura mu samu wanda zai ba mu aron fitilar sola saboda dararen da babu wata.