Yau na miƙa takardar

Alhamis. Takardar ajiye aikin nan da ta yi sati uku tana yawo cikin jakata, yau dai na miƙa ta, zan koma waƙa gaba ɗaya. Tun asuba ban koma barci ba, ko koko ban iya sha ba, na hau kabu-kabu daga Mabera zuwa ofis ƙirjina na bugawa kamar wanda zai je gaban alƙali.

Oga ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya aje kan fayil ya ce in zauna. Mutumin kirki ne wallahi, bai yi min faɗa ba. Ya ce Malam shekara 8 kana aiki, ka kai mataki na 9, mutane nawa ke yawo da takardun digiri suna neman wannan kujerar, ka bari ka cika shekara 35 a aiki ka fita da fanshonka mana, waƙa ai ba guduwa za ta yi ba. Na ce ranka ya daɗe ita ba ta gudu amma murya tana tsufa. Ya yi shiru, can ya sa hannu. Wata ɗaya na notis ya rage min.

Gaskiya abin ya daɗe yana ci na. Kullum in an tashi ƙarfe 4 sai situdiyo wajen Gawon Nama, a zauna jiran wuta cikin zafin nan na Sakkwato da ko fanka iskar wuta take hurowa, in an ta da janareto kuma a kashe AC don kar ƙara ta shiga makirfo, ka yi ta maimaita baiti ɗaya gumi na zuba har cikin ido, ka dawo gida sha ɗaya na dare, da safe kana gaban lissafin mutane kana gyangyaɗi. Na ga ina cutar aikin ina cutar waƙar, kuma albashin da ban yi masa aiki da zuciya ɗaya ba ya fara yi min nauyi.

Amma mai wuyar duka Baba ne. Bayan Magariba na same shi a zaure kan buzunsa, carbi a hannu, rediyo a gefe an rage murya. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ce "Mi kac ce?" Na sake faɗi. Carbin ya tsaya. Ya ce "Gidanga ba mu da gadon roƙo, kai ma ka sani."

Na san abin da yake nufi. A garinmu kiɗa gado ne, masu taushi da kotso na fada, masu kalangu na mahauta da 'yan dambe, kowa da gidansu. Ana son waƙa, ana yi wa mawaƙi kari a biki, amma in ya zo neman aure sai a fara tambayar asali. Shi kansa Baba in aka sako tsofaffin makaɗan fada a Rima Radio ƙara murya yake yi, har ya riƙa fassara mana zambon da ke ciki. Wannan ban faɗa masa ba, ba a yi wa uba haka. Na ce kawai Baba ba zan tsaya ƙofar kowa in yi roƙo ba, kuma ba za ka ji batsa a bakina ba in Allah ya yarda.

Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya tambaye ni kuɗin makarantar ɗiyata fa? Na ce na biya na shekara, kuma na aje abin da zai riƙe mu wata shida. Ya ce "Tashi, an kira Isha'i."

Inna ce ta biyo ni har soro da kwanon fura, ta ce in sha tukunna. Ta rage murya ta ce waccan da na rera ranar sunan ƙanwata, in turo mata a waya gobe, tana so ta sa masa ya ji in ya huce.