Kwana biyu a Dresden

Tun jirgin ƙasan da na hawo daga Berlin bai tsaya ba na hango ƙubba da hasumiya ta taga, na ce alhamdu lillahi, ga inda zan yi Azahar. Ina ajiye jaka na nufi wurin. Ashe ba masallaci ba ne! Yenidze ake ce masa, tsohuwar masana'antar taba sigari ce da aka gina a 1909 da siffar masallaci, hasumiyar kuwa bututun hayaƙi ne. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, na koma masauki na yi sallata.

Abin da ya kai ni dai Frauenkirche ne, babban cocin tsakiyar gari. A Fabrairun 1945 jiragen Ingila da Amurka suka yi wa garin ruwan bama-bamai, mutum kusan 25,000 suka mutu, cocin ya ƙone ya rufta. Haka aka bar shi tsibin duwatsu duk zamanin Jamus ta Gabas, sai a 1994 aka soma sake gina shi, aka buɗe a 2005. In ka matsa kusa za ka ga bangon dabbare-dabbare, fari da baƙi. Baƙaƙen nan su ne tsofaffin duwatsun da aka tsamo daga kangon, aka yi wa kowanne lamba, aka mayar da shi gurbinsa. Na ɗora tafina a kan ɗaya, sanyi ƙalau, gefensa duk ya zaizaye. Nan take badalar Kano ta faɗo mini a rai, wadda a kan idonmu ake kwasar ƙasarta ana gini a kanta.

Tsada kam sai dai haƙuri. Shiga banɗaki Yuro ɗaya, na lissafa a naira na ji fitsarin ya koma. Ruwan da na saya kuma mai gas ne, na kasa sha. Wata tsohuwa ta zabga mini harara don na tsallaka titi wuta tana ja, alhali ko mota ɗaya babu. Baturken da ke sayar da shawarma ne ya wanke mini zuciya: ina yi masa sallama ya ce "zauna, ɗan'uwa", ya ƙaro mini shayi kyauta.

Washegari na leƙa fadar Zwinger, na bi bangon Fürstenzug mai jerin sarakuna bisa dawakai, wanda wutar 1945 ba ta ci ba. Ƙafa ta gaji, na zauna a bakin kogin Elbe har lokacin jirgi ya yi.