Iskar Damagaram da iskar cikin kwamfuta

Aikina na kammala karatun kanikanci shi ne nazarin bututun da ke raba iska tsakanin silinda huɗu na injin mota mai kafireto. Bututun yana da ciki ɗaya inda iska ke taruwa bayan ta wuce matata da kafireto, daga nan ya rabu rassa huɗu, kowane reshe ya nufi bawul ɗin silindarsa. Na zana shi da FreeCAD, na yi lissafin gudun iskar da OpenFOAM, domin duka biyun kyauta ne, kuma kuɗin lasisin manyan manhajoji irin su Ansys Fluent ya fi ƙarfin ɗalibi.

Kwamfuta ba ta ganin iska. Abin da take yi shi ne ta yanka sararin cikin bututun zuwa ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa, waɗanda muke kira raga, sannan a kowane ɗaki ta warware lissafin motsin iska da ruwa da Bafaranshe Navier ya fara a 1822, Stokes kuma ya kammala a 1845. Darasin raga na koye shi da wuri: idan ka ƙara mata ƙanƙanta sakamako ya sauya, to ba ka gama ba, sai ka ci gaba har ya tsaya. Wannan ya ci mini darare da dama, musamman da yake wuta takan ɗauke ana tsakiyar lissafi, amma aiki ne na haƙuri kawai.

Da na gama, hoton ya fito da launuka masu kyau, ja inda iska ke gudu, shuɗi inda take lafawa, kuma rassan huɗu sun raba ta kusan daidai wa daida. Na ɗauki kwamfutar na tafi garejin da na samo bututun, wurin wani dattijon bakanike da ya shekara da yawa yana gyaran motocin da ke bin hanyar Tanut da Agadas. Ya duba hoton da kyau, bai kushe ba, sai ya sa yaronsa ya kwance buji huɗu daga injin irin wannan, wato abin da wasu ke kira fulogi, ya jera su a kan tsumma. Biyun tsakiya sun yi baƙi da hayaƙi, biyun gefe kuwa sun yi fari-fari. Ya ce mini, "Ɗana, in rabon daidai ne kamar yadda na'urarka ta ce, me ya bambanta waɗannan?" Na ce, "Baba, ku ba ni lokaci in koma in duba."

Buji mai baƙi yana nuna mai ya yi yawa a kan iska, mai fari kuma yana nuna ya yi kaɗan, alhali injin fetur yana son kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai. Da na koma na bi abin da na shigar ɗaya bayan ɗaya, sai na ga manhajar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta amsa tambayar da na yi mata ne, ni kuwa tambayar injin da babu shi a duniya na yi.

Na farko, na buɗe rassan huɗu a lokaci guda, na sa iska tana kwarara cikinsu kamar ruwa a famfo. Injin ba ya shaƙa haka. Kowace silinda tana zuƙa sau ɗaya ne a juyi biyu, kuma bi da bi suke yi, 1, 3, 4, 2. Idan injin yana juyi 3000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk lokacin da ya rufe, iskar da ta taho a guje sai ta yi karo da shi, matsin ya koma baya cikin reshen da saurin sauti, mita 343 a daƙiƙa a zafin digiri 20, ya dawo. Idan dawowar ta dace da buɗewar bawul, silinda ta sami ƙarin iska. Idan ba ta dace ba, maƙwabciyarta na iya janye mata rabonta. Dalilin da ya sa dogon reshe ke ba da ƙarfi a ƙaramin juyi, gajere kuma a babban juyi, ke nan. Duk wannan rayuwar bututun ce, ni kuma na share ta da zaɓi guda, saboda lissafin da ke bin lokaci yana cin kwanaki a kwamfutar da nake da ita.

Na biyu, iska zalla na saka, alhali abin da ke fita daga kafireto iska ce ɗauke da ɗigon mai. Ɗigon ya fi iska nauyi, ba ya shan kwana yadda take sha, wani ya manne a bango yana gangarawa, saboda haka reshe na kusa da reshe na nesa ba za su sami rabo ɗaya ba ko da iskar ta rabu daidai.

Na uku ya fi damuna, domin a ƙofar gidanmu yake. Na kwafi nauyin iska daga littafi, kilo 1.225 a kowace kubik mita, wanda na bakin teku ne a zafin digiri 15. Damagaram tana sama da teku da fiye da mita 400, kuma a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka nauyin iskarmu a bazara yakan ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, kafin ma a yi maganar zafin da ke ƙarƙashin bonet. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe matata, ni kuwa a zanena matatar sabuwa ce fil har abada. Na girma ina shaƙar wannan iskar, amma da na zauna gaban allo sai na rubuta ta wata ƙasa.

Na sake aikin daga tushe, bawul yana buɗewa yana rufewa bisa lokacinsa, da zafi da matsin garinmu. Ɗigon mai ya gagari kwamfutata, na kuma rubuta hakan ƙarara a rahoton. Sabon sakamakon bai kai na farko kyan gani ba, amma ya nuna rassan gefe suna cika dabam da na tsakiya. Na mayar wa dattijon, ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe buji huɗun nan cikin tsumma ya ce in tafi da su ranar da zan kare aikin gaban malamai.