Ashe ba taurin kai ba ne

Yau na raka ɗana mai sikila gwajin kwakwalwa wajen wata masaniyar halayyar ɗan Adam da ta shafe shekaru tana bincike kan yara masu sikila, wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake. Ta ce masa ya maimaita 5, 8, 2, ya faɗa tsaf yana murmushi, sai ta ce to yanzu faɗo su daga baya zuwa gaba. Yaron nan ya ce 2, ya yi shiru, ya fara murza bakin rigarsa, sannan ya juyo ya kalle ni irin kallon da yake min in na aike shi abu uku ya dawo da ɗaya, yana jiran in yi faɗa. Nan take idona ya ciko.

Ta yi min bayani a hankali cewa jinin sikila kan toshe ƙananan jijiyoyin jini na kwakwalwa ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba, ba ciwo ba alama, sai a hoton kwakwalwa da ake kira MRI ake gani, kuma kusan ɗaya cikin uku na yara masu sikila nau'in SS kan samu haka kafin su girma. Abin da toshewar take taɓawa shi ne riƙe abu a ka da maida hankali da saurin fahimta. Ni kuwa duk shekarun nan ciwon ƙashi da ƙarin jini kawai nake lissafawa, mantuwar na ɗauka sakaci ne. Sau nawa na ce masa ba ya ji, alhali yana iyakar ƙoƙarinsa ne.