Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Furfurar Farar Tunkiya

Makon jiya na tsaya a inda motar katako ta sauke ni a ƙofar kwalejin horon malamai, da akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli, na kuma yi alkawarin yau zan shiga da ku ɗakin kwananmu. A yi mini afuwa, ba zan cika ba. Ranar Talata jikata ta zo da littafinta na Hausa tana haddar adon harshe kamar mai biya allo: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa, kambamawa. Ina jin ta, sai tsohon miki ya motsa.

Malamata ta farko a wannan fanni ita ce Iya, kuma har ta koma ga Allah ba ta san akwai wani abu wai shi siffantawa ba. A farin da aka yi a 1973, ina ɗan shekara 10, wata maƙwabciyarmu ta shigo da hantsi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta jima tana murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Iya, kwana biyu ke nan kyanwa ke kwance a murhuna." Ni kuwa da rawar kai na zabura, na ce bari in je in kore ta. Iya ta damƙo ƙafata ta zaunar da ni. Ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu a kwano an rufe da faifai, ta ce, "Ga shi, ki ajiye mini a wurinki." Gero ne. Matar ba ta roƙa ba, Iya ba ta ce ta bayar ba. Da matar ta fita sai Iya ta dube ni ta ce, "Maigida, mai hankali ke gane furfurar farar tunkiya." Maigida take ce mini saboda sunan kakanmu na ci. Ranar na gane wuta ce ba a hura ba, shi ya sa kyanwa ta sami wurin kwanciya.

Wannan magana ta tunkiya na ji ta ya fi sau ɗari. In na kai saƙo na dawo da rabinsa, tunkiya. In baƙo ya ce rana ta yi, ban tashi na riƙe masa jaka ba, tunkiya.

To, a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwashe mu da yawa zuwa kwaleji, don gwamnati na neman malamai ido rufe. Shekaru huɗun farko ba ni da abin faɗa a kansu yau. A aji biyar ne muka haɗu da malamin da nake nufi. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa na nan da rai. Ya iya karatu, wannan ba zan hana shi ba. Shi ya nuna mana cewa in ka ce "Sarki kamar giwa yake," kamantawa ka yi, domin ga "kamar" ko "tamkar" ko "sai ka ce" a tsakani. In ka cire ta ka ce "Sarki giwa ne," ka siffanta. In ka ce yunwa ta shigo gari tana bi gida-gida, ka ba ta ƙafafu, ka mutuntar da ita. Shi ya raba mana zambo da habaici: mai zambo yana nuna mutuminsa ƙiri-ƙiri ya zayyana muninsa, mai habaici kuwa jifa yake a kasuwa, wanda ya tsargu da shi ake.

Sai jarrabawar gwaji ta zo. Tambaya: "Kano tumbin giwa. Wane irin adon harshe ne wannan?" Na yi murna. Na cika shafi guda. Na ce tumbin giwa ba ya cika, kome aka zuba ya shige, haka Kano ke haɗiye Banufe da Babarbare da Balarabe da ɗan tireda ba ta ƙware ba, shi ya sa ake ƙarasa kirarin da ko da me ka zo an fi ka. Har na kawo namu na Katsina, na ce wanda ya karanta "ɗakin kara" a takarda ya zaci bukkar karan dawa ce, bai san karar mutunci ake nufi ba. Abin da na manta shi ne kalma ɗaya tak: siffantawa. Ya ba ni sifili. Bai tsaya nan ba, ya ɗaga takardata a gaban aji ya karanta da muryar masu tallan magani, ya ce, "Ku ji mai wa'azin kasuwa." Ajin ya kwashe da dariya. Wanda ya rubuta kalmar nan guda, ba tare da ya taɓa tunanin me ke cikin tumbin ba, ya ci maki biyar cif. Shekara 40 da ɗoriya ke nan, har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi.

Da na je hutu na kai ƙara wurin Kawu, shi da ya yi karatun balaga, wato adon harshen Larabci, a zaure. Ya ce ai su ma suna da tashbihi da isti'ara da kinaya, suna ba laifi ba ne, amma sai an ci tuwon ake tambayar sunan miyar. Iya kuwa cewa ta yi, "To kai da ka ga furfurar, me ya hana ka ce tunkiya ce?" Ban ji daɗin wannan ba. Na so ta zagi malamin.

Na yi shekara 35 ina koyarwa, ban taɓa ba yaro sifili don ya manta suna ba alhali ya kamo ma'ana. Rabin maki nake bayarwa. Wani shugaban makaranta ya taɓa kirana ofis a kan haka, na ce masa a sauya mini aji in an ga dama.

Amma kada ku ɗauka na zama gwani. A 1984, ina malamin Hausa da takardar shaida a akwati, ina neman wata yarinya a unguwar gabas, kuma a daidai lokacin ina cigiyar gonar aro, kowa ya sani. Wani dare kawunta ya kira ni zaure, ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa, ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, gonar nan da kake ta kewayawa, wani ya riga ya yi mata shuka." Na ce, "Allah Sarki. Baba, ko gefe ne a ɗan yanka mini, ni ba mai yawa nake so ba." Tsohon ya yi shiru. Wani da ke zaune a lungu ya tashi ya fita da tari. Sai da na kai gida, ina ba Iya labarin an hana ni gona, na ga ta ajiye mazarinta tana kallona.

Ba ta ambaci tunkiya ba ranar. Dariya ta yi har da hawaye, ta ce, "Maigida, gefe? Gefen wa?" Sannan ta aiki Gwaggo da goro ta je ta ba mutanen haƙuri. Wata uku ban bi ta unguwar gabas ba, ko kasuwa za ni sai in zaga ta bayan makabarta. A wannan zagayen ne na fara ganin uwar 'ya'yana tana dawowa daga rijiya, amma wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, bayan na biya bashin ɗakin kwana.