Kafin in bar asibitin nan

Tunda dai na miƙa takardar ajiye aiki, bari in faɗi abin da ke cina. Ku da munka yi aiki tare nan Gusau kun san Hajiyar nan da ta dawo daga Masar bayan an yi mata aikin rage tumbi, irin wanda ake huda ciki wuri huɗu ko biyar a shiga da kyamara a cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin. Tabon ko gaɓar yatsa bai kai ba, shi ya sa dangi sunka ɗauka ɗan ƙaramin aiki ne.

Ta yi sati da satuttuka tana amai, ko kunu ba ya zama, aka kawo ta ƙafafu sun saki, ido na rawa, tana kiran ɗiyarta da sunan ƙanwarta. Dangi sun ce iska ne, Oga, likitan da ke kanmu, ya ce taifot, a ɗaura mata ruwan gulukos. Na ce Dokta don Allah a fara ba ta bitamin B1 tukuna, mai dogon amai bayan aikin ga B1 ɗinshi ƙarewa yake don jiki ba ya ajiye shi da yawa, in kuma aka ɗura sukari babu shi ƙwaƙwalwa ce za ta taɓu. Gaban majinyata ya ce min "Sista, ke ce likita ko ni?" Washegari ga kweri, wai na yi mishi rashin kunya. Sai da aka kai ta Sakkwato aka yi mata allurar B1 ɗin, hankalinta ya dawo amma har yau da sanda take tafiya. Kwerin kuwa tana nan cikin fayil ɗina, ba wanda ya janye ta.

Aikin kanshi ban ga laifinshi ba fa. Na ga mai ciwon suga da ya daina allurar insulin, na ga hawan jini ya sauka. Amma shan B12 da maganin ƙarin jini har ƙarshen rayuwa ne, mutanenmu kuma da kwalin da sunka zo da shi ya ƙare shi kenan. In bugun zuciya ya wuce 120 a minti a kwanakin farko bayan aikin, ku yi zargin ɗinki na yoyo, kar ku jira zazzaɓi. Fura mai suga da lemon kwalba wucewa suke salin alin, ƙiba ta dawo.

Ku da za ku ci gaba da zama da Ogan nan, duk abin da kunka faɗa mishi ku rubuta a folda da kwanan wata da ƙarfe nawa, don ranar da abu ya ɓaci cewa zai yi bai ji ba.