S160: Kan Jirgin Da Ya Wuce Zamanin Yaƙinsa

Duk wanda ya ga lamba 5820, wato kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, tana jan taragu a layin Keighley da Worth Valley a Ingila, zai yi wuya ya yarda an ƙera ta ne don Yaƙin Duniya na Biyu kawai. Tsakanin 1942 da 1945 kamfanonin Alco da Baldwin da Lima na Amurka suka ƙera 2,120 na wannan samfuri, S160, cikin gaggawa da tsimin ƙarfe.

Gaggawar ta bar aibi. Gilashin awon ruwan tukunyar tururi guda ɗaya ne, kuma in ba a buɗe bawul ɗinsa sosai ba sai ya nuna akwai ruwa alhali ya ja baya. Rufin murhu ya bushe, ya yi ja, kusoshin da ke riƙe da shi su saki. Haka ta faru a Ingila, har da asarar rai. Akwatunan gatari ma, wato mazaunin ƙarfen da ke haɗa ƙafafun jirgin, da giris ake shafa su, sukan ɗau zafi.

Shi ya sa masu adana su ba sa wasa da tukunya: dubawa duk shekara, babban garambawul kusan duk shekara 10, a gwada ta da matsin ruwa kafin a hura wuta. Ita 5820 daga Poland aka kawo ta, inda ta yi aikin dako bayan yaƙi.